Za a iya loda ranar Gombe a kai ta Turai?

Wani Alhaji mai harkar hatsi a Tudun Hatsi, cikin garin Gombe, ya turo wannan tambaya: "Injiniya, na ji ana ta cewa nan gaba ƙasashe za su riƙa sayen wutar rana da ta iska a hannun juna kamar yadda ake cinikin man fetur. To mu da rana ke gasa mu tun daga Maris har ruwa ya sauka, ashe ba a kan dukiya muke zaune ba? Da gaske kasuwar za ta ci? Kuma ɗan kasuwa irina ta ina zai shiga?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kasuwar kam tana ci, ta ma daɗe tana ci, har a nan yankinmu. Sai dai ba za ta yi kama da ta man fetur ba, kuma duk wanda ya ɗauka za ta yi, zai daɗe a bakin titi yana jiran motar da ba ta taso ba. Na yi shekaru ina aikin manyan layukan wuta kafin in koma haɗa sola a ƙauyuka da wuraren niƙa, saboda haka amsar wanda ya hau turke zan ba ka, ba ta masu taron otal ba.

Bari in fara cire maka wani abu a rai. Zafin da ke gasa mu ba shi ne dukiyar ba. Farantin sola haske yake ci, zafi kuwa cutar da shi yake yi. Ana auna ƙarfinsa a kan digiri 25, duk digirin da ya hau sama da haka sai ya rage kusan kashi 0.4 cikin 100. A tsakar ranar Afrilu jikin faranti kan haura digiri 60 a kan kwano, ka ga ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 tun kafin a yi maganar ƙurar hunturu. Duk da haka muna da haske sosai. Abin da ke sauka a fili ɗaya a Gombe cikin shekara ya kai kusan ninki biyu na wanda ke sauka a irinsa a Jamus.

To me ya sa wannan bai zama rijiyar mai ba? Abu biyu ne suka mai da man fetur haja. Ba kowace ƙasa Allah ya ba shi ba, sannan ana zuba shi a tanki a ajiye, a loda a jirgi, a kai inda farashi ya fi. Rana ta rasa duka biyun. Babu ƙasar da ba ta fito musu. Bajamushe rabin namu ya samu, kuma da rabin nan ya kafa sola ta fiye da megawat 80,000, alhali duk wutar da babban layin Najeriya ke rabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Batun ajiya kuma ka fi ni sani. Kai wake kake saye da kaka, ka sa magani, ka kulle sito, ka jira bazara farashi ya tashi. Wuta ba ta da sito. A daƙiƙar da aka samar da ita a daƙiƙar ake shan ta. Ta fi kama da tumatirin Kwadon ranar da motocin Kudu ba su zo ba. Batir na riƙe ta na wasu awoyi, amma babu wanda ke cika batir ya sa a jirgin ruwa zuwa wata nahiya ya ci riba.

Saboda haka hanya biyu ce kawai wutar kanta ke ƙetare iyaka: ko ta bi waya, ko a dafa ta cikin wani kaya da za a iya lodawa. Akwai kuma ciniki na uku wanda ya fi su duka girma a yau, wato na kayan aikin, kuma a cikinsa mu masu saye ne.

Ta waya, misalai sun yi yawa. Tun 2021 akwai igiyar wuta a ƙarƙashin teku tsakanin Norwe da Ingila, tsawonta kilomita 720, tana ɗaukar megawat 1,400. Mozambik na tura wa Afirka ta Kudu wutar madatsar Cahora Bassa tun ƙarshen shekarun 1970. Mali da Senegal da Muritaniya suna raba wutar madatsar Manantali. Habasha ta gina babbar madatsarta a kan Kogin Nilu mai megawat 5,150, ta ja layi na fiye da kilomita 1,000 zuwa Kenya, ta fara sayar mata da wuta a 2022, tana kuma ba Jibuti. Ka lura da abin da ya haɗa su: ruwa ne duka. Ba da gangan na tsince su haka ba. Mai saye yana son wuta ƙarfe takwas na dare kamar yadda yake so da azahar, madatsa kuwa tana iya yin wannan alkawari, domin ruwan da ke bayanta shi ne sitonta. Sola ita kaɗai ba ta iya rantsuwa a kan dare.

Nisa ba shi ne matsalar ba a wajen injiniyoyi. Wutar da muke sha a gida mai kai-da-komo ce, idan tafiya ta yi tsawo sai a juya ta ta zama mai gudu ta fuska ɗaya, a ɗaga ƙarfinta sosai, sai asarar hanya ta dawo wajen kashi 3 cikin 100 a kowane kilomita 1,000. Ƙasar Sin na da layi irin wannan mai tsawon kusan kilomita 3,300 da ke ɗaukar megawat 12,000 daga yammacin ƙasar zuwa gabas. Amma wannan ƙasa ɗaya ce, gwamnati ɗaya, aljihu ɗaya. Da zarar layi ya ratsa tutoci uku ko huɗu sai labari ya canza.

A 2009 manyan kamfanonin Turai, yawancinsu na Jamus, suka fito da shirin Desertec: a shimfiɗa tashoshin rana a Sahara, a kashe wajen yuro biliyan 400, a ba Turai kashi 15 cikin 100 na wutarta. Zuwa 2014 kusan duk sun zame. Abin da ya kashe shirin har da arahar da faranti ya yi, Bature ya ga gara ya sa a kan rufinsa da ya jira wuta daga hamada. Bayan nan aka zo da Xlinks, igiya ta kusan kilomita 4,000 daga Maroko zuwa Ingila, megawat 3,600. A watan Yunin 2025 gwamnatin Birtaniya ta ce ba za ta ba shi kwangilar farashin da yake nema ba, ta fi son abin da za ta samar a gida. Wani abin da ba a cika faɗa ba ma shi ne, Maroko da Sifaniya suna haɗe da waya tun 1997, kuma a mafi yawan shekarun nan wutar daga Turai take gangarowa Afirka, ba akasin haka ba. Idan Maroko da ke hango Turai daga bakin ruwa haka take fama, ina ga mu da ke da fiye da kilomita 2,000 kafin Bahar Rum? Kuma me zai sa mai saye ya tsallake ranar Aljeriya da ta Nijar ya zo neman ta Gombe? Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ni dai na cire Turai daga lissafin wutar waya, a iya rayuwar da nake hange.

Ko babu wannan ma, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ka manta Afrilun 2024 ba, lokacin da ɓarayin ƙarfe suka kayar da turaku huɗu a layin Jos zuwa Gombe mai kilobolt 330, mu da Yola da Jalingo da Damaturu muka yi makonni muna lalube. A Oktoban shekarar kuma kusan duk Arewa ta yi kwanaki a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya biyo ta Makurɗi shi ma ya faɗi. Wanda zai sa hannu a kwangilar shekara ashirin da kai, turakunka zai fara dubawa kafin ya ɗaga kai ya kalli sama.

Amma fa Najeriya tana sayar da wuta waje, kuma a nan darasin yake. Tun shekarun 1970 layi ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, akwai wani ta Katsina, muna kuma ba Benin da Togo. Mutane kan yi fushi su ce muna cikin duhu ana ba baƙi. Bayanin da jami'anmu suka daɗe suna yi shi ne, Kainji da Jebba da ruwan Kogin Kwara suke aiki, kogin kuwa sai ya ratsa Nijar kafin ya iso mu. Ka ba maƙwabci wuta da sauƙi, shi kuma kada ya tare maka ruwa daga sama. Ciniki ne na gaske, kuma na makamashin da ba ya ƙarewa, tun kafin kalmar ta zama yayi. To sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Cikin kwanaki Najeriya ta yanke wutar a matsayin takunkumin ECOWAS, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa. Ba a mayar ba sai Maris 2024. Ba hukunci nake yanke wa siyasar ba, lissafin kasuwa nake yi: kwastoman da ka taɓa rufe wa shago ranar da ya fi buƙata, ko ya dawo, da ido ɗaya yake kallon ka. Nijar ta hanzarta sa tasharta ta sola ta Gorou Banda mai megawat 30 a aiki, tana kuma ci gaba da neman gama madatsar Kandadji a kan wannan kogin dai. A ɗaya gefen, rahotannin NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, sun sha nuna bashin miliyoyin daloli a kan kamfanonin wutar maƙwabtan. Mai saye na tsoron a yanke, mai sayarwa na tsoron a ƙi biya. Buhun masara idan ba a biya ba kana iya zuwa ka ɗauko abinka. Wutar da aka sha ta shawu.

Duk da haka, idan ka tambaye ni inda alheri yake a cinikin waya, nan kusa zan nuna maka. Ƙasashen Yammacin Afirka sun kafa ƙungiyar haɗa layukan wutarsu tun 1999, hedikwatarta na Kwatano, kuma ana aikin layi mai kilobolt 330 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai zuwa Wagadugu da reshe zuwa arewacin Benin, kusan kilomita 900. Hikimar ita ce Allah bai ba mu abu iri ɗaya a lokaci ɗaya ba. Gini na da ruwa, ga Kaleta ga Souapiti. Gana na da Akosombo. Kamaru ta gama Nachtigal mai megawat 420. Mu 'yan Sahel muna da haske. Da rani madatsu sun ja baya, rana kuwa tana kan ganiyarta. Da damina hadari ya rufe, madatsu sun cika. Da rana tsaka sola ta ɗauki nauyi, madatsa ta rufe ƙofa ta adana ruwanta, magariba na yi ta buɗe. Ka ga ruwan ya zama batir ba tare da an sayi batir ba. Har lokaci ma haja ne: sa'ad da ladan ke kiran magariba a Gombe, rana na da sauran kusan awa biyu a Dakar. Ƙaramin misalin wannan na bayan gidanmu. Madatsar Dadin Kowa an gama ta tun 1984, sai da ta yi fiye da shekara talatin kafin injinanta na megawat 40 su fara juyawa. Da za a shimfiɗa sola a gefenta su yi aiki tare, da an ga yadda abin yake a aikace. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sa komai ya ƙara wuya, amma kogi da waya ba su san an fice ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda masu cewa muna zaune a kan dukiya ba sa kawowa. Tashar gas kullum sai an saya mata gas. Tashar sola kuwa kusan duk kuɗinta ranar farko ake biya, bayan nan sai wanki da gadi. Ma'ana, farashin wutar sola farashin jari ne. Ɗauki alƙalami. Wanda ya ci bashin naira 100 na shekara 20 a kan kashi 5 cikin 100, naira 8 zai riƙa biya duk shekara. Wanda ya ci a kan kashi 15, naira 16. Ninki biyu cif. Ranarmu ta ninka ta Bajamushe, tsadar kuɗinmu ta ninka tasa, sai aka tashi canjaras. Ka ƙara da cewa kayan da dala ake saye, wutar kuma da naira ake sayarwa, ka kuma tuna abin da ya sami naira daga tsakiyar 2023. Shi ya sa a 2022 Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce Afirka na da kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi hasken rana a duniya, amma kashi 1 kacal na farantan da aka kafa.

Maƙwabtanmu na Bauchi sun ga wannan da idonsu. A 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari ya sa hannu da kamfanoni 14 a kan tashoshin sola na fiye da megawat 1,100, a kan santi 11.5 na dala kowane yunit. Ɗaya daga ciki, mai megawat 100, a Ganjuwa za a yi ta. Rana ba ta yi ƙaura daga Ganjuwa ba, fili ma bai gudu ba. Abin da ya tsaya shi ne takardar lamuni: masu ba da bashi suka ce sai gwamnati ta tsaya musu idan aka kasa biya, gwamnati ta ce farashin ya yi yawa a sauko da shi. Aka yi ta ja har shekaru suka wuce ba a kafa su ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙasar da ba ta iya shawo kan mai jari ya gina mata tasha don kanta ba, ba ta kai ga zancen fitarwa ba tukuna. Na san kai ba ka taɓa kuɗin ruwa, kuma abin sha'awa shi ne sola ta dace da tsarin haya da na sukuk, wato takardun jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, fiye da yawancin harkoki, tunda kadara ce da ake gani tana kawo kuɗi wata-wata. Gwamnatin Tarayya ta yi tituna da sukuk tun 2017. Ban ga abin da zai hana jiha ta yi tashar wuta da shi ba, musamman da dokar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofa.

Hanya ta biyu, ta dafa wuta cikin kaya, ita ce ake ta yi wa kirari da sunan haidirojin. Ana sa wutar sola ta raba ruwa gida biyu, a kama iskar haidirojin, a haɗa ta da sinadarin naitirojin na cikin iska ta zama amoniya, a loda a jirgi. Tarayyar Turai ta ce a 2022 tana so ta riƙa shigo da tan miliyan 10 a shekara kafin 2030. Saudiyya na gina masana'anta ta dala biliyan 8.4 a sabon birninta na NEOM, Namibiya da Muritaniya da Masar duk sun sa hannu a takardu. Ni ina taka-tsantsan da ita. Kilo ɗaya na haidirojin na cin yunit 50 ko fiye na wuta da aƙalla lita 9 na tsabtataccen ruwa, kuma idan aka juya shi amoniya aka kai can aka sake mai da shi wuta, abin da ke dawowa bai kai sulusi ba. Inda take da ma'ana shi ne taki da ƙarfe da man jiragen ruwa. Waɗanda za su ci kasuwar kuwa su ne masu rana da iska a bakin teku. Mu tsakaninmu da tashar jiragen Legas ya haura kilomita 1,000, kuma ka san halin hanyar. Idan wata rana aka yi amoniya da ranar Gombe, to a gonakin Kaltungo da Ɓilliri da Dukku ya kamata ta ƙare a matsayin taki.

Cinikin da ke gudana yau, wanda kake gani a kan rufin masallatai da shagunan cajin waya da rijiyoyin burtsatse, shi ne na faranti da batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar faranti ta zama irin wadda muke sha a gida. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na ƙera farantin sola a duniya a ƙasar Sin ake yi. Farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, ya kuma ci gaba da sauka. Pakistan kaɗai ta shigo da na wajen megawat 17,000 a 2024, kuma ba gwamnati ce ta saya ba, manoma ne da masu masana'antu da magidanta da kuɗin wuta ya ishe su. Najeriya ta shigo da na kusan megawat 1,700 cikin shekara ɗaya zuwa Yunin 2025, ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya yi wa sola tallar da babu wani shirin gwamnati da ya taɓa yi mata. Kwantenar faranti ta bambanta da tankar mai ta fuska ɗaya mai muhimmanci: tankar mai ka saye ta yau, jibi ka koma. Faranti ka saya sau ɗaya, ya yi maka shekara 25. Saboda haka ko da muna masu saye, wannan sayen yana rage dogaro ne.

A 2025 an ji wani minista yana maganar hana shigo da faranti don a ƙarfafa na gida. Niyyar na da kyau, amma a yanzu kuskure ne. Masana'antun da muke da su haɗawa suke yi, ƙwayar da ke cikin farantin daga waje take zuwa, kuma ba su kusa ƙosar da kasuwa ba. Indiya ta sa harajin kashi 40 cikin 100 a 2022, amma ta haɗa da tallafi mai yawa ga masu ƙerawa da kasuwar da ta ninka tamu nesa ba kusa ba. Mu idan aka rufe ƙofa yau, mai injin markaɗe a Kumo ne zai biya, kayan kuma su biyo ta Kwatano da Maraɗi kamar yadda shinkafa ta yi. Abin da ya kamata kwastan da hukumar kula da ingancin kaya su sa wa ido shi ne jabu. Na taɓa karɓar faranti ashirin daga wani dila, an manna musu takardar wat 550, da na auna da rana tsaka ko 350 babu wanda ya kai. Ƙarafan ɗorawa, wayoyi, akwatunan haɗi, gyaran inbata, waɗannan kam babu dalilin da zai sa ba a yi su a nan.

Akwai kuma duwatsun da ake yin batir da su. Kwango na ba duniya wajen kashi 70 cikin 100 na kobal. Litiyom ya bayyana a Nasarawa da Kwara da Kaduna, har an buɗe masana'antar tace shi a Nasarawa a 2024. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, Zimbabuwe ta yi haka da ɗanyen litiyom a 2022, don a tilasta sarrafawa a gida. Mu da muka ga audugar Gombe ta hau jirgin ƙasa ta dawo mana a matsayin yadi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Gawayi ma, kada ka yi mamaki, a littafin Turawa cikin makamashi mai sabuntuwa yake, kuma an sha fitar da shi waje. Itacen da aka sare ba a dasa wani ba dai ban san ta inda yake sabuntuwa ba. Duk motar gawayin da na gani a hanyar Bauchi, hamada nake gani an ɗaure da igiya.

Wani abu da ya kamata ɗan kasuwa ya sa wa ido shi ne harajin hayaƙi na Tarayyar Turai. An fara gwajinsa a Oktoban 2023, ya kankama daga Janairun 2026, ya shafi siminti, ƙarfe, alminiyom, taki, haidirojin da wutar lantarki. Kaya ya iso iyakarsu, sai a tambayi yawan hayaƙin da aka fitar wajen yin sa, a caje shi. Simintin Ashaka da ake gasawa da kwal ɗin Maiganga a gida ake shan sa, bai shiga ciki ba, hatsi ma ba ya ciki. Amma alƙiblar ta fito: ana so a san da wace wuta aka yi kaya. Nan gaba masana'antu masu cin wuta za su riƙa bin inda tsabtatacciyar wuta ta fi araha, maimakon a ja musu ita. Wannan ita ce hanyar da na fi yarda rana za ta ƙetare teku: a cikin buhu.

Wanda ya kawo mu kanka, Alhaji. Layin ƙasa da ƙasa aikin gwamnatoci ne da Bankin Duniya, ba wurin da za ka sa jarinka ba ne. Duk wanda ya zo maka da takardar hannun jari a wata gonar sola da za ta sayar wa Turai wuta, ko ya ce ka ba da fili a yi maka rajistar kuɗin da wai ake biya don rage hayaƙi, ka ba shi ruwa ya sha ka sallame shi. Wurinka biyu ne. Na farko kana cikinsa: riɗi da waken suya da citta da zoɓo suna fita waje, kuma mai saye na biyan ƙari a kan wanda aka tsabtace, aka busar daidai, aka tace. Injin sheƙa da na cire tsakuwa da na matsar mai duk da rana suke aiki, daidai lokacin da faranti ke bayarwa, ba sa buƙatar batir mai yawa, batir kuwa shi ne mai cin kuɗi. Buhun riɗin da aka gyara da sola a Gombe ya sauka a Turkiyya ko Japan, ai ranar Gombe ce ta je. Na biyu, Gombe ce kaɗai ta yi iyaka da duk sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas, kuma ta Mubi da Gamboru ana shiga Kamaru da Chadi, Chadi kuwa wutarta ta fi tamu ƙaranci. Motocin da ke kai masararka can za su iya kai famfon ban-ruwa mai sola da firjin sola. Sai dai kayan nan ba a sayar da su kamar buhu a juya baya. Wanda zai riƙe kasuwar shi ne mai yaran da suka iya haɗawa, masu ɗaga waya idan inbata ta yi ƙara bayan wata shida.

Kafin ka sayi ko faranti ɗaya, ka sa yaronka ya tattaro rasiɗan dizal na injinanka na wata shida, ya rubuta ƙarfin kowace motar lantarki da ke juya injin da awoyin da take aiki, da waɗanda ake tayarwa tare. Injin niƙa kan ja ninki biyar ko shida na wutarsa a lokacin tashi, a nan yawancin masu haɗawa ke ƙona wa mutane inbata. Idan takardun sun haɗu ka aiko, ko in biyo ta kasuwa ranar Asabar bayan la'asar mu zauna a kansu.